Inabin Faransa da Dawar Zamfara: Tarihin Abin Sha da Hukuma



Na san akwai waɗanda suka ga kan wannan lacca a jikin allo suka yi tsaki, suka ce me ya haɗa malamin Hausa da zancen giya, a jihar da ta riga kowace jiha a Nijeriya ƙaddamar da shari'ar Musulunci? Tambayar tana bisa hanya. Hukuncin giya a Musulunci sananne ne, ayoyin Suratul Ma'ida sun yanke magana, ba ni kuwa da abin da zan ƙara wa malaman fiƙihu a kai. Abin da ya kawo ni shi ne tarihi, watau yadda mutane suka yi da ƙasarsu da amfanin gonarsu, da yadda hukumomi dabam-dabam suka yi da su a kan abin da suke sha. Zan ɗauko ƙauyukan Faransa inda ake noman inabi, in ajiye su kusa da ƙasar Gusau da Tsafe da Bunguɗu, domin ba a sanin tsawon mutum sai ya tsaya kusa da wani.

Da yake harshe ne sana'ata, bari mu fara da kalmomi. Bahaushe yana da giya, yana da barasa, yana da bammi wanda ake samu daga jikin itacen tukurwa ko kwakwa, sa'an nan yana tarayya da maƙwabtansa na kudu wajen burkutu da fito. Amma idan aka zo kan abin da Faransawa ke taƙama da shi, sai mu ga Bahaushe ba shi da suna guda, sai dai ya kewaya ya ce ruwan inabi, ko giyar inabi. Ita kanta kalmar inabi aro ce daga Larabci, ta shigo mana ta hanyar karatun Alƙur'ani da littattafan addini. Watau kakanninmu sun san inabi a allo tun kafin su gan shi a gona. Wannan kaɗai ya isa ya nuna mana cewa kurangar inabi baƙuwa ce a ƙasar Hausa, dawa da gero su ne 'yan gida.

A Faransa ma, in an bi salsala, baƙuwa ce. Girkawa 'yan kasuwa da suka kafa birnin Marsai a bakin Bahar Rum, wajen shekara 600 kafin haihuwar Annabi Isa, su ne ake danganta wa yaɗa nomanta a kudancin ƙasar. Rumawa suka zo suka kai ta arewa, suna bin kwarin koguna. Amma waɗanda suka mai da noman inabi ilimi su ne malaman coci masu zaman zuhudu, musamman 'yan ɗariƙar da aka kafa a Sito, cikin lardin Burgandi, a 1098. Waɗannan mutane suna da abubuwa biyu da talakan manomi ba shi da su: suna da rubutu, kuma gonarsu ba ta shiga rabon gado, tun da ba sa aure. Saboda haka sai su yi shekara ɗari biyu ko uku suna noma fili ɗaya, suna lura da cewa inabin gindin tudu ya bambanta da na tsakiyarsa, na tsakiya ya bambanta da na bisa. Suka ja iyakoki, suka gina katangun dutse, suka ba kowace gona suna. Wata shahararriyar gonarsu, Kulo da Bujo, mai faɗin kimanin hekta 50, katangar da suka kewaye ta da ita tun ƙarni na 14 tana nan tsaye. Bayan juyin juya halin 1789 gwamnati ta ƙwace filayen coci ta sayar, dokar gado ta Napoleon kuma ta wajabta raba wa 'ya'ya dukiya, har ta kai wannan gona ɗaya ta zama mallakar mutum wajen 80. Wanda ya ga yadda gandun kakansa ya tsattsage ya zama gayauni ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a nan.

Yankin Bordo kuwa ciniki ne ya ɗaukaka shi. A 1152 Eleanor, magajiyar ƙasar Akitan, ta auri Henry wanda ya zama Sarkin Ingila bayan shekara biyu, sai Bordo ta koma ƙarƙashin sarautar Ingila har zuwa 1453. Shekara 300 ke nan jiragen ruwa suna jigilar gangunan ruwan inabi zuwa Landan. A 1855 Sarki Napoleon na III ya nemi a jera manyan gonakin yankin daraja-daraja saboda bajekolin duniya da za a yi a Faris, dillalai suka jera su aji biyar bisa ga farashin da kowace ke samu a kasuwa. Jerin nan yana aiki har yau, babban canjin da aka yi masa kuwa ɗaya ne, a 1973, sa'ad da aka ɗaga gonar Mouton zuwa aji na ɗaya.

To, wannan tarihi shi ne ainihin abin da ake sayar wa baƙo mai yawon buɗe ido. A 1937 aka buɗe hanyar manyan gonaki ta Burgandi, wadda ta taso daga Dijon ta ratsa garin Bon, a 1953 kuma aka buɗe irinta a Alzas. A 2015 hukumar UNESCO ta sa gonakin Burgandi cikin kayan tarihin duniya, gona 1,247, kowace da sunanta da iyakarta. A lokacin da nake karatu a ƙasar waje na bi wani ɓangare na wannan hanya tare da 'yan'uwana ɗalibai, muka shiga gidan wani manomi. Ya kai mu ɗakin ƙarƙashin ƙasa mai sanyi inda gangunan katako ke jere, ya riƙa zuƙo kaɗan da wani bututun gilashi yana ɗiga wa baƙi a kofi. Mai ɗanɗano zai duba launi, ya karkaɗa kofin, ya sansana, ya kurɓa, ya wuya da shi a baki, sa'an nan ya tofar a wani bokiti da aka ajiye don haka. Ni da na ce ba na sha, ba wanda ya ga baƙon abu, aka kawo mini ruwan inabin da bai tsimu ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne maganar mai gidan. Kusan sa'a guda ya yi yana bayani, amma yawancinta a kan ƙasa ce: ina farar ƙasa take, ina tsakuwa, wane gefen tudu ne hantsi ke fara bugu, wace shekara ce ƙanƙara ta faɗo ta lalata amfani. Faransawa suna da kalma ɗaya da ta tattara duk wannan, suna cewa teruwar. Manomin Bunguɗu da ya san bambancin jigawa da laka da fadama, ya kuma san inda kaura ke yi da inda farfara ke yi, ya san teruwar sarai. Bambancin kawai shi ne ba wanda ya rubuta nasa, ba kuwa hukumar da ta tsaya masa.

Kada a ɗauka tafiyar ta zo musu da sauƙi. A 1863 wata ƙwaro mai cin saiwa, filoksera, wadda ta shigo cikin dashen da aka kawo daga Amurka, ta ɓulla a kudancin Faransa. Ba a gane ta ba sai 1868. A 1875 ƙasar ta samar da ruwan inabi fiye da lita biliyan 8, a 1889 abin da aka samu bai kai lita biliyan 2 da rabi ba. Maganin da aka dace da shi daga ƙarshe shi ne aure, irin wanda masu lambun mangwaro ke yi a nan: a dasa gindin inabin Amurka wanda ƙwaron ba ya iya kashewa, a ɗaura masa reshen na Faransa. Kusan duk kurangar da baƙo zai gani a Faransa a yau, saiwarta Ba'amurkiya ce.

A nan ne labarin ya taɓo ƙasar Musulmi, kuma a ganina nan ne ya fi cancantar ɗalibin tarihi ya tsaya. Faransa ta mamaye Aljeriya tun 1830. Da ƙwaro ta cinye gonakin gida, sai dubban manoman da suka karye suka ƙetare teku, aka ba su filaye masu albarka waɗanda aka raba 'yan ƙasa da su. Wajen 1880 gonakin inabi a Aljeriya kimanin hekta 20,000 ne, kafin ƙarshen shekarun 1930 sun kai wajen hekta 400,000. Lokacin da ƙasar ta sami mulkin kai a 1962, babu ƙasar da ta kai ta fitar da ruwan inabi zuwa waje a duniya duka. Ku duba wannan al'amari: ƙasar da galibin mutanenta addininsu ya haramta musu giya, ita ce kan gaba wajen sayar da ita, Musulmi ne leburorin gonar, filin da ya kamata ya ba su alkama ya koma ba da abin da ba sa sha. Bayan mulkin kai Faransa ta rage saye, kasuwa ta faɗi, a 1971 Shugaba Houari Boumediene ya ba da umurnin a tumɓuke dubban hektoci. Mu da aka sa wa noman gyaɗa da auduga don masaƙun Ingila da matatun manta, mun san irin wannan rawa, sai dai namu kiɗan bai kai nasu zafi ba, tun da gyaɗa ko ba komai ana ci.

Ruwan inabin Aljeriya mai araha, tare da algus ɗin masu ƙara sukari da ruwa, ya karya farashi a Faransa har manoman Langedok suka yi bore a 1907. Ranar 9 ga Yuni mutum fiye da rabin miliyan suka taru a Monfeliye, bayan kwanaki soja suka harbe mutane a Narbon, wata rundunar soja ta 'ya'yan yankin kuma ta ƙi bin umurni. Daga wannan rikici aka fara dokokin hana algus, waɗanda suka kai ga dokar 30 ga Yuli 1935, wadda ta kafa tsarin shaidar asali. Ma'anarta ita ce, ba wanda zai rubuta sunan wani gari a jikin kwalba sai inabin daga ƙasar garin ya fito, irin da aka amince da shi, bisa ƙa'idar noma da aka rubuta. Sunan ƙauye ya zama dukiya wadda alƙali ke karewa.

Yanzu mu dawo gida. Da farko ya kamata ɗalibai su tuna cewa ƙasar Gusau da Tsafe da Kwatarkwashi, kafin jihadi, ta fi jingina da Katsina, ita ake kira Katsina Laka, shi ya sa har yau sarautar Gusau take Sarkin Katsina. A wannan ɗan yanki akwai wurare biyu da tazararsu ba ta da yawa, amma kowane da alƙiblarsa. Akwai 'Yandoto, garin malamai, wanda almajirai ke zuwa daga nesa neman ilimi, har Muhammadu Bello ya ci shi da yaƙi wajen 1806. Akwai kuma Kwatarkwashi, wadda a yau take cikin ƙaramar hukumar Bunguɗu, a gindin dutsen nan da duk matafiyi daga Tsafe zuwa Gusau ke gani. Marigayi Yusufu Bala Usman, a littafinsa na tarihin Katsina da ya fito a 1981, ya nuna matsayin Kwatarkwashi na cibiyar bautar Magiro, wadda tasirinta ya wuce iyakar garin nesa. Tawada a wannan gefe, tsafi a wancan, kasuwa kuwa ɗaya suke ci.

A rayuwar Maguzawa, ko Azna kamar yadda ake cewa a yammacin ƙasar Hausa, giya tana tsakiyar al'amura. Joseph Greenberg, wanda ya zauna da Maguzawan ƙasar Kano a 1938 zuwa 1939, da Jerome Barkow wanda ya yi nasa binciken a ƙasar Zazzau bayansa da shekara 30, duk sun lura cewa shan giya a fili yana cikin manyan alamun da ke raba Bamaguje da maƙwabcinsa Musulmi, alhali harshensu ɗaya, tsagarsu ɗaya, garmarsu ɗaya. Da giya ake kiran gayya a nome gona, da ita ake biki da zaman makoki, ana kuma zuba ta a wurin tsafi. Mata ne ke dafa ta, kuma ta nan Bamagujiya ke samun kuɗin kanta. Aikin ba ƙarami ba ne. Za a jiƙa dawa, a tsame, a shimfiɗa a rufe da ganye ana yayyafa ruwa har kwana uku ko huɗu ta yi tsiro, a shanya, a niƙa, a dama, a dafa a manyan tukwane, a bari ta yi tsami, a sāke dafawa, a tace, a zuba ragowar tsohuwar giya don ta tashi. Wajen mako guda ke nan ana fama, ga cin itace.

Ga inda hanyoyin biyu suka rabu, kuma dalilin yana cikin tukunyar kanta. Ruwan inabi yana da ƙarfi da tsami da za su riƙe shi shekara da shekaru a ganga ko kwalba, ana ma cewa wani yana ƙara kyau da tsufa. Saboda haka ana iya ajiye shi, a ɗora shi a jirgi, a ba da shi jingina, a karɓi haraji a kansa, a rubuta shekararsa. Duk abin da ake ajiyewa kuwa yana haifar da takarda, takarda ta haifi tarihi. Giyar dawa tana ci gaba da tashi tun daga ranar da aka sauke ta, bayan kwana biyu ko uku ta zama tsami ba mai iya sha. Ba ta tafiya nesa, ba ta shiga rumbu, ba fatake da ke ɗaukarta. A ƙauyen da aka dafa ta nan ake shanye ta. Ayarin Hausawa ya kai goro daga Gwanja, ya kai gishiri daga Bilma, ya kai turkuɗi har Agadas, amma giya ba ta taɓa zama hajar fatauci ba. Don haka ko da ba a yi jihadi ba, da wuya ƙwarai a ce Kwatarkwashi ta zama Bordo.

Amma an yi jihadi, kuma wa'azinsa ya daɗe a wannan ƙasa. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi kimanin shekara biyar a Zamfara daga wajen 1786, kamar yadda ƙanensa Abdullahi ya ba da labari a Tazyinul Waraƙati. A Kitabul Farƙi kuma, cikin laifuffukan da aka lissafa wa sarakunan Haɓe, akwai ci da sha ba tare da kula da halal ko haram ba. Abin lura shi ne yadda Daular Sakkwato ta yi da waɗanda ba su musulunta ba amma suka karɓi amana. An ɗauke su a matsayin Majusawa masu biyan jiziya, daga nan ne ma galibin masana ke ganin sunan Maguzawa ya samo asali. Bulala tamanin ta mashayi hukuncin Musulmi ce. Bamaguje yana biyan abin da aka aza masa, yana shan giyarsa a ƙauyensa. Giya ta fita daga fada da birni, ta koma ƙauye da gindin dutse, ta zama alamar wanda bai shigo gari ba.

Zuwan Turawa bai sāke wannan tsari nan da nan ba. A taron Birasel na 1890 ƙasashen Turai, har da Faransa da Ingila, suka amince a hana shigar da barasa mai ƙarfi yankunan Afirka inda ba a saba da ita ba, ko inda addini ya hana. Gwamna Lugga ya riƙe wannan da hannu biyu a Arewa, domin ya dace da alkawarin da ya yi wa sarakuna na rashin taɓa addini, alhali a Kudu harajin barasar Turai na cikin manyan hanyoyin kuɗin shigar gwamnati. Dokar 1917 ta kasa Nijeriya kashi-kashi, inda aka hana sam, da inda ake sayarwa da lasin. Bature dai yana shan abinsa a kulob. Yarjejeniyar 1890 da wadda ta biyo ta a 1919 sun fi auna barasar da ake turarawa, ruwan inabi bai shiga sahun abin da aka hana ba, wannan kuwa ya yi wa Faransa daɗi a ƙasashen da ta mallaka, ciki har da Nijar da ke bayan Ƙauran Namoda kaɗan.

Abin da ya ɓalle ƙofa a wannan yanki shi ne jirgin ƙasa. Hanyar da ta taso daga Zariya ta bi ta Funtuwa da Tsafe da Gusau zuwa Ƙauran Namoda an kammala ta a 1929. Gusau, garin Malam Sambo ɗan Ashafa, ta zama tashar gyaɗa da auduga, kantunan Turawa suka buɗe, Kwarori da Yarabawa da Ibo suka sauka, Sabon Gari ya kafu. Jirgin da ya tafi da buhu ba ya dawowa fanko. A 1949 aka fara yin giyar Star a Ikko, a 1963 kamfanin ya buɗe masana'anta a Kaduna. Ita giyar kwalba ta warware matsalar da giyar tukunya ta kasa warwarewa, watau tana ajiyuwa, tana kuma tafiya. Mashayinta ma wani sabon mutum ne: akawu, direba, ɗan sanda, malamin makaranta, mai albashi a ƙarshen wata, kuma sau da yawa ɗan Musulmi. Ma'anar giya ta juye. Da alamar ƙauyanci ce, yanzu ta zama alamar wayewa.

Adabinmu ya riƙe wannan gardama fiye da kowane fayil na ofis. Mu'azu Haɗeja, wanda ya rasu a 1958, ya yi waƙa sukutum a kan giya yana zayyana ɓarnarta ga 'yan boko. Alhaji Mamman Shata kuwa, mazaunin Funtuwa, maƙwabciyar Tsafe, yana da waƙar mashaya wadda ba dattijon da ke cikin wannan zaure da zai rantse bai taɓa jin ta ba. Hukuma ta tsaya tsakani. Kundin dokokin laifuffuka na Jihar Arewa, wanda ya fara aiki a 1960 zamanin Sardauna, a sashe na 403 ya tanadi ɗaurin da bai wuce wata ɗaya ba, ko tarar fam 5, ga Musulmin da ya sha giya ba don magani ba, tare da damar yi masa bulalar haddi. Watau abin da aka yi a Gusau bayan shekara 40 yana da tushe a dokar da ta riga shi, ko da yake an daɗe ba a cika aiki da ita ba. Ruwan inabin Faransa kansa ya shigo da ƙarfinsa ne zamanin kuɗin man fetur, ta hanyar shamfen na bukukuwan manya, har gwamnatin soja ta hana shigo da shi.

An ƙirƙiri Jihar Zamfara ranar 1 ga Oktoba 1996. Shata ya rasu a watan Yuni na 1999. Bayan wata huɗu, ranar 27 ga Oktoba, Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da shari'a a gaban taron da Gusau ba ta taɓa ganin irinsa ba, dokar kuma ta fara aiki ranar 27 ga Janairu 2000, da hukuncin bulala 80 ga Musulmin da ya sha. Aka rufe mashaya, jihohi 11 suka bi sahu. Jama'a da yawa sun yi murna, musamman matan da albashin mazajensu ke ƙarewa a Sabon Gari, kuma duk mai adalci zai yarda cewa wannan murna tana da dalili.

Sai dai mai tarihi aikinsa ne ya bi sawu ya ga inda abu ya nufa. Doka ta kori kwalba daga bakin titi, amma neman maye bai bi ta ya tafi ba. Ya koma cikin ƙwaya da maganin tari, waɗanda ba su da wari, suna kuma shiga aljihu. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da Majalisar Ɗinkin Duniya a 2018 ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 masu ta'ammali da miyagun ƙwayoyi a Nijeriya, a shekarar ce kuma Gwamnatin Tarayya ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi. Mutanen Tsafe da Bunguɗu, waɗanda suka ɗanɗani ta'asar 'yan bindiga, sun san abin da taramol ke sa yaro ya aikata. Giyar Maguzawa, duk da haramcinta, tana da ranarta da wurinta da dattijon da ke tsawatarwa. Ƙwaya ba ta da ko ɗaya daga ciki. Ga ma'aikatan kuɗi da ke nan kuma akwai wata ƙura da ba ta lafa ba: a 2021, lokacin shari'ar harajin kayan masarufi tsakanin Jihar Ribas da Gwamnatin Tarayya, an yi ta yi mana gorin cewa muna fasa kwalabe amma muna karɓar kasonmu daga harajinsu. Gorin yana da amsa, tun da Arewa ma tana zuba nata a asusun, amma amsar tana bukatar alƙaluma, zafin rai ba ya biyan ta.

Su ma Faransawa ba inda suke da suke ba. A shekarun 1960 abin da ke kan kowane mutum a lissafi ya haura lita 100 a shekara, yanzu ya sauko wajen lita 40. Sai a 1956 aka hana ba yara 'yan ƙasa da shekara 14 ruwan inabi a ɗakin cin abincin makaranta, a 1991 kuma doka ta taƙaita tallarsa. A 2023 gwamnati ta fara biyan manoman Bordo kuɗi don su tumɓuke dubban hektoci, saboda masu saye sun ragu. Wannan na cikin dalilan da suka sa mai gona ke buɗe wa baƙo ƙofa da fara'a: abin da kwalba ta rage kawowa, ana neman sa a wurin mai yawon buɗe ido.

Dabarar 1935 kuwa, ta kare sunan wuri, ba ta tsaya kan giya ba. Ta shafi cuku da man shanu da zaitun, ta kuma ƙetaro Afirka. A 2013 barkonon Penja na Kamaru ya sami irin wannan rajista a hukumar kare haƙƙin fasaha ta ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci, daga baya kilishin Nijar da albasar Galmi suka bi. 'Yan'uwanmu Hausawan ƙetaren iyaka ke nan. Jihar da take kirari da noma tana da abin dubawa a nan, aikin kuwa yana farawa ne da abin da malaman cocin Burgandi suka fara da shi, watau rubuta sunan kowace fadama da abin da take bayarwa. Ina roƙon ɗaliban sashenmu da ke neman kan bincike su haɗa wannan da ɗaukar maganar tsofaffin Kwatarkwashi da ƙauyukan Tsafe, da sunayen gonaki, da waƙoƙin gayya, da kalmomin tsohuwar sana'ar mata. Kurt Krieger ya tattara tarihin sarakunan Zamfara ya buga a 1959, Garba Nadama ya rubuta nasa kundin a 1977, amma rashin tsaro yana watsa ƙauyuka, tsoho kuwa in ya bar garinsa ya koma gudun hijira, sunayen gonakin suna tafiya tare da shi.

Ita kuma kurangar da muka fara sani a allo, ta iso gona. A ƙaramar hukumar Kudan ta Jihar Kaduna, musamman wajen Hunƙuyi, manoma Hausawa suna noman inabi a kan rumfuna. Da yake ba mu da hunturu mai ƙanƙara da zai sa itacen ya yi barci kamar a Turai, sai su yi masa aski da almakashi don ya tofo ya yi fure, su yi ban ruwa, su tsinka a cikin rani. Ba a matse shi, ba a tsima shi. Ɗanye ake sayar da shi, a kai shi Zariya da Kano da Abuja, a ci shi yadda ake cin dabino.